Yadda Ake Haɗa Runduna a STABmons Bisa La'akari da Dabarun da Aka Haramta

A wasan Pokémon na gasa, kowane ɗan wasa yana shiga fage da dodanni shida, kowane dodo kuma yana riƙe da dabaru huɗu kacal daga cikin waɗanda kamfanin Game Freak ya ba shi ikon koya. STABmons wani reshe ne na wannan wasa da ake bugawa a manhajar Pokémon Showdown ƙarƙashin dokokin Smogon, wato ƙungiyar 'yan wasa ta intanet da ke tsara dokokin gasa, kuma doka ɗaya ya sauya: dodo yana iya amfani da kowace dabara da ta yi jinsi ɗaya da shi, ko da asali bai iya koyonta ba. Sunan ya samo asali ne daga ƙa'idar da ake taƙaitawa da STAB, wadda ta ce idan dodo ya kai hari da dabarar jinsinsa, ƙarfin bugun yana ƙaruwa da rabi. Ma'ana, duk dabarar harin da dodo ya samu ta wannan hanya, akasari tana zuwa ne da ƙarin ƙarfinta a haɗe.

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne su zaɓi dodannin da suke so, su cika musu dabaru mafi ƙarfi, sai a ƙarshe su duba jerin abubuwan da aka haramta domin su ga ko an yarda da abin da suka haɗa. Ni a ganina daga wannan jeri ya kamata aikin ya fara, domin babu wata takarda da ta fi shi bayyana abin da ke cin wasa a wannan fage. Duk dabarar da aka hana, an hana ta ne saboda ta yi wani aiki fiye da kima, kuma wannan aikin bai gushe ba don an cire ta. Akwai ƙannenta da suka rage, su ne kuma za ka tarar a hannun abokan karawarka.

Da farko sai ka bambance iri uku na hani, domin ba ɗaya suke ba. Akwai dokokin da suka shafi kusan dukkan fagagen Smogon, kamar hana dabarun kisa da bugu ɗaya, wato Fissure da Sheer Cold da Guillotine da Horn Drill, waɗanda saitinsu kashi 30 cikin ɗari ne amma idan suka samu dodo sai ya faɗi komai yawan jininsa. Da hana Double Team da Minimize masu sa hari ya riƙa kuskure. Da hana shigo da dodo iri ɗaya sau biyu a runduna. Akwai kuma dabarar da aka haramta gaba ɗaya ga kowa, kamar Baton Pass, wadda ke miƙa ƙarin ƙarfin da dodo ya tara ga wanda ya maye gurbinsa. Na uku, wanda shi ne ya fi muhimmanci a STABmons, shi ne ƙayyadewa: dabarar tana nan, amma dodon da asali ya iya koyonta ne kaɗai zai riƙe ta. Cloyster, alal misali, yana koyon Shell Smash tun asali, saboda haka ƙayyade dabarar ba ya raba shi da ita, sai dai ya hana ta yaɗuwa zuwa sauran dodannin jinsin Normal. Wanda bai gane wannan bambanci ba yakan ɗauka cewa ya tsira daga dabarar baki ɗaya, har sai ya gan ta a gabansa.

Dubi dalilin ƙayyade wasu daga cikinsu, za ka ga taswirar wasan ta fito. Shell Smash tana ninka bugun jiki da bugun musamman da gudu a zagaye guda, a kan farashin raguwar tsaro mataki ɗaya. Belly Drum tana cinye rabin jinin dodo, ta kai bugun jikinsa matakin ƙarshe, wato ninki huɗu. Extreme Speed tana da ƙarfi 80, kuma tana riga kusan kowace dabara sauka komai nawar mai yin ta. Dukkan ukun na jinsin Normal ne. Ka ɗauki Snorlax, wanda ya iya Belly Drum tun asali: in an bar masa Extreme Speed, zagaye ɗaya ya ishe shi ya zama yana bugu da ƙarfi 120 ninki huɗu kafin kowa ya motsa, kuma nawarsa, wadda ita ce aibinsa a wasan yau da kullum, ta daina zama abin lissafi. Haka nan Spore, wadda ke sa barci ba tare da kuskure ba, a wasan asali tana hannun dodanni ƙalilan irin su Amoonguss da Breloom. A nan kuwa da kowane dodon ciyawa mai gudu zai same ta. V-create tana da ƙarfi 180. Bolt Beak da Fishious Rend suna da 85, amma suna ninkawa zuwa 170 idan mai yin su ya riga abokin gaba motsi, kuma abin da ya rage musu kaifi a asali shi ne dodannin da aka ba su ba masu gudun kirki ba ne.

Abin da jerin ke faɗa ke nan: ana cin wasa a nan ta hanyar tara ƙarfi cikin zagaye ɗaya, ta hanyar riga abokin gaba bugu, ta hanyar kashe masa zagaye, da kuma ta bugun da babu mai iya shiga gabansa. Rundunarka tana bukatar ta iya aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ta tanadi amsa ga dukkansu.

Wani lokaci dodon ake cirewa a bar dabarar. Porygon-Z yana da baiwar Adaptability, wadda ke mayar da ƙarin ƙarfin jinsi ninki biyu maimakon ɗaya da rabi, saboda haka Boomburst mai ƙarfi 140 tana zama 280 a hannunsa. Komala kuwa yana da baiwar Comatose, wadda ke sa wasan ya ɗauke shi a matsayin mai barci kodayaushe, don haka yana iya amfani da Sleep Talk ya kira Whirlwind ba tare da jinkirin da aka ɗora wa wannan dabara ba, ya yi ta kora dodannin abokin gaba suna faɗawa ɗaya bayan ɗaya cikin tarko, wato abin da ake shimfiɗawa a fage don ya cutar da duk dodon da ya shigo. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, idan dodo ɗaya ne ya lalata dabara sai a cire dodon, idan kuma dabarar ce ke lalata duk wanda ya riƙe ta sai a cire dabarar. An ga hakan a fili a babban fagen Smogon da ake kira OU bayan fitowar wasannin Pokémon Scarlet da Violet a 2022: da farko Houndstone aka haramta saboda Last Respects, wadda ke fara da ƙarfi 50 ta ƙara 50 a kan kowane ɗan runduna da ya faɗi, amma da wani dodon ya samu dabarar sai aka haramta ita kanta aka maido Houndstone. Haka aka yi da Cyclizar da dabarar Shed Tail. Darasin da mai haɗa runduna zai ɗauka shi ne kada ya gina komai a kan dabara ɗaya tilo da ake ta ƙorafi a kanta, domin ranar da aka cire ta, sauran biyar ɗin da ya zaɓa don su yi mata hidima sun zama marasa aiki.

Mataki na gaba shi ne ka zauna da jerin, ka rubuta a gaban kowace dabara da aka ƙayyade wadda ta fi kusa da ita a cikin waɗanda suka rage. Inda babu Shell Smash akwai Swords Dance ga jinsin Normal, da Nasty Plot ga jinsin duhu, da Dragon Dance ga jinsin Dragon, da Calm Mind ga jinsin Psychic. Inda babu V-create akwai Flare Blitz mai ƙarfi 120 wadda ke maido wa mai yin ta kashi ɗaya cikin uku na ɓarnar, da Sacred Fire mai ƙarfi 100 wadda ke ƙona abokin gaba sau ɗaya cikin biyu. Inda babu Extreme Speed akwai Sucker Punch mai 70, da Accelerock da Aqua Jet da Bullet Punch da Mach Punch masu 40 kowacce. Inda babu barci akwai shanyewar jiki, wadda ke rage gudu da rabi kuma take hana motsi sau ɗaya cikin huɗu. Glare ta jinsin Normal ba ta kuskure, kuma tana kama dodannin ƙasa waɗanda Thunder Wave ba ta taɓawa. Wannan aiki yana cin kamar rabin sa'a, amma bayan ka gama shi za ka iya kallon dodon abokin gaba ka ƙiyasta abin da ke hannunsa tun kafin ya nuna.

Sai batun da aka fi mantawa da shi, wato asalin dodo kafin ya rikiɗa. Dokar ta ba dodo dabarun jinsinsa har da na jinsin matakan da ya wuce. Tyranitar dutse ne da duhu, amma Larvitar da Pupitar da ya fito daga cikinsu dutse ne da ƙasa, saboda haka dukkan dabarun ƙasa nasa ne. A cikinsu akwai Shore Up, wadda ke maido rabin jini, ko kashi biyu cikin uku idan ana guguwar yashi, ga shi kuma Tyranitar da kansa yake tayar da guguwar da zarar ya shigo. Sylveon ya fito daga Eevee na jinsin Normal, kuma baiwarsa ta Pixilate tana mayar da dabarun Normal na jinsin Fairy tare da ƙarin ƙarfi. Azumarill ma yana cin gadon Azurill. Amma a yi hattara da Clefable: kafin fitowar wasannin Pokémon X da Y a 2013 na jinsin Normal ne, yanzu kuwa shi da Clefairy da Cleffa duk Fairy ne zalla, don haka babu gadon Normal da zai ci.

Na taɓa yin asarar wasa a kan wannan batu, kuma har yanzu ina tuna yadda abin ya faru. Na yi ta gutsurar jinin wani Tyranitar tun farkon wasa, ina lissafi irin na wasan yau da kullum inda ba shi da hanyar warkewa, har na kai shi ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Na shigo da dodona mai bugun musamman ina ganin saura ƙiris, na kai hari, bai faɗi ba saboda guguwar yashi tana ƙara wa jinsin dutse rabin tsaronsa na musamman, sai kawai na ga sandar jininsa ta koma kore. Zagaye goma sha biyu da na kashe a kansa suka tafi a banza, kuma laifin nawa ne, domin da na duba Larvitar da na sani.

Wannan ya kawo mu ga abin da na ɗauka ya fi komai raba dodannin tsaro a wannan fage, wato ko jinsinsu yana da dabarar warkewa ko babu. Jinsin Normal yana da Recover, masu tashi suna da Roost, ƙasa tana da Shore Up, ciyawa tana da Synthesis da Strength Sap, Fairy kuma yana da Moonlight. Wuta da ƙarfe da lantarki da dutse ba su da mai maido rabin jini kai tsaye. Shi ya sa Landorus-Therian, wanda a wasan asali yake ƙarewa a hankali, a nan yake samun Roost da Shore Up duka biyu, alhali Heatran, duk da ƙarfinsa, yana nan yadda yake yana dogara da Leftovers mai maido kashi ɗaya cikin goma sha shida a kowane zagaye. Idan za ka zaɓi mai tsaro, fara da wannan tambaya. Ka kuma tuna cewa a ƙarni na tara, wato zamanin wasannin Scarlet da Violet, an rage yawan amfani da Recover da Roost da makamantansu zuwa sau takwas a wasa, saboda haka warkewar ma tana da iyaka.

Yanzu bari mu haɗa runduna a aikace. Ka fara da dodon da kake son ya ƙarasa wasan, sannan ka tambayi kanka abin da ke hana shi. Ɗauki Excadrill, ƙasa da ƙarfe, mai baiwar Sand Rush wadda ke ninka gudunsa a cikin guguwar yashi. A mataki na 100, idan ka zuba masa maki 252 na horo a gudu ba tare da ɗabi'a mai ƙara gudun ba, yana da 275, wanda yashi ke mayarwa 550. Dodon da asalin gudunsa 100 ne, da cikakken horo da ɗabi'ar gudu, yana da 328, kuma ko ya ɗaura Choice Scarf, kayan riƙon da ke ƙara gudu da rabi, 492 zai kai. Wannan lissafi yana nuna cewa za ka iya ba Excadrill ɗabi'ar da ke ƙara bugu da kashi goma cikin ɗari ba tare da fargabar yawancin masu ɗaure da Scarf ba. Ya iya Swords Dance tun asali, kuma dokar STABmons ta buɗe masa dabarun ƙasa masu ƙarfi 120 irin su Headlong Rush, a maimakon Earthquake mai 100. Abokin tafiyarsa a fili yake, Tyranitar ne, wanda zai tayar da yashin na zagaye biyar, ko takwas idan yana riƙe da Smooth Rock, ya kafa tarkon Stealth Rock, ya warke da Shore Up, ya kuma fice da Parting Shot wadda ke rage ƙarfin abokin gaba kafin Excadrill ya shigo.

Da zarar ka ajiye waɗannan biyun sai ka ga ramin da suka haƙa: ruwa da faɗa da ƙasa duk suna yi musu illa su biyun, kuma bugun faɗa ninki huɗu yake yi wa Tyranitar. Mach Punch ɗaya daga dodo mai ƙarfi tana iya kawo ƙarshen shirin, domin gudun yashi ba ya hana dabarar da ke riga kowa sauka, kuma a wannan fage kowane dodon faɗa yana da ita. Gurbi na uku da na huɗu nasu ne. Amoonguss, ciyawa da dafi, yana jure ruwa da faɗa, yana maido kashi ɗaya cikin uku na jininsa duk lokacin da ya fita saboda baiwar Regenerator, kuma jinsin dafi ya ba shi Mortal Spin mai share tarko. Landorus-Therian ba ya jin bugun ƙasa sam, yana jure faɗa, kuma baiwar Intimidate tana rage bugun jikin duk wanda ya tarar. Gurbi na biyar na wanda zai kawar da masu tare wa Excadrill hanya ne, wato Corviknight da Skarmory, waɗanda ƙasa ba ta taɓa su kuma ƙarfe ba ya yi musu illa sosai. Dodon lantarki ko na wuta mai bugun musamman ne maganinsu, kuma idan na lantarki ne yana da Volt Switch, dabarar da ke kai hari sannan ta fitar da mai yin ta, da zai riƙa shigo da 'yan'uwansa cikin sauƙi.

Gurbi na shida ina ba da shawarar a bar shi ga inshora, ba ga wani mai hari na uku ba, ko da yake na san son zuciya yana ja wajen harin. Tun da jerin hani ya riga ya gaya maka cewa tara ƙarfi shi ne babbar hanyar cin wasa, kana bukatar abin da zai tsaya ko da abokin gaba ya riga ya tara. Dodanni masu baiwar Unaware, irin su Clefable da Dondozo da Skeledirge da Quagsire, ba sa lissafa ƙarin ƙarfin mai kai musu hari. Haze tana goge duk wani ƙari a fage, Whirlwind da Roar suna kora mai shi waje, Encore kuma tana ɗaure shi a kan dabarar da ya yi ta ƙarshe na zagaye uku. Ɗaya daga cikin waɗannan ya wajaba, biyu sun fi.

Tarko yana bukatar a ɗan tsaya a kansa, domin ya fi yawa a nan fiye da wasan asali. Kowane dodon dutse yana da Stealth Rock, kowane na ƙasa yana da Spikes, kowane na dafi yana da Toxic Spikes. Stealth Rock tana cin kashi ɗaya cikin takwas na jinin mai shigowa, amma tana bin raunin jinsi, har takan cinye rabin jinin dodon da ya haɗa wuta da tashi. Spikes tana cin ɗaya cikin takwas a shimfiɗar farko, ɗaya cikin shida a ta biyu, ɗaya cikin huɗu a ta uku. Masu sharewa ma sun yawaita, tun da Rapid Spin ta Normal ce, Defog kuma ta masu tashi, sai dai kowacce tana da mai tare ta: Rapid Spin ba ta aiki a kan fatalwa, Mortal Spin ba ta aiki a kan ƙarfe, Gholdengo kuwa, da yake fatalwa ne kuma ƙarfe mai baiwar Good as Gold, yana tare su duka ukun har da Defog. Idan rundunarka tana yawan musanya dodanni, ka ba aƙalla biyu daga cikinsu Heavy-Duty Boots, takalman da ke hana tarko taɓa mai sanye da su, kada ka ɗora dukkan nauyin a kan mai sharewa guda.

Bayan ka kammala, danna maɓallin tantancewa da ke shafin haɗa runduna a Showdown, bayan ka tabbata ka zaɓi fagen STABmons na ƙarnin da kake nufi. Zai gaya maka dodo ko dabara ko kayan riƙon da ba a yarda da shi ba, kuma ya kamata ka maimaita hakan duk lokacin da ka dawo bayan hutu, domin jerin yana sauyawa, wani lokaci ta hukuncin majalisar fagen kai tsaye, wani lokaci ta ƙuri'ar 'yan wasan da suka cika sharaɗin cancanta. Idan ya ƙi wata dabara, koma kan takardar da ka rubuta tun farko ka ɗauko ƙanwarta, sannan ka sake lissafin ɓarnar, domin bambancin ƙarfi 120 da 100 yakan mayar da bugu biyu ya zama uku, bugu na ukun nan kuwa shi ne zagayen da abokin gaba ke warkewa a cikinsa.

Wasanni goman farko ka ɗauke su na gwaji. Kada ka sauya komai bayan asara ɗaya, amma ka riƙa rubuta dodon da ya karya ka da dabarar da ya yi amfani da ita, sannan ka sake kallon wasan daga ajiyayyen bidiyonsa ka nemo zagayen da abin ya fara lalacewa, wanda sau da yawa yakan riga zagayen da ka lura da shi da nisa. Idan suna ɗaya ya bayyana sau uku a takardarka, to matsalar a runduna take. Fara gyaran da dabara ɗaya ko kayan riƙo ɗaya ko rabon makin horo, wanda jimillarsa 510 ne kuma ba ya wuce 252 a fanni guda, kafin ka kai ga cire dodo gaba ɗaya, domin dodon da ka cire yana tafiya ne da duk ramukan da yake toshewa, har da waɗanda ba ka san yana toshe su ba.